Wanda Ya Harbe Guguwa

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Sale, wannan babin naku ne. Kun taso kun tarar Baba Sale ba ya magana da Ilu mai gonar bakin rafi, kuma an gaya muku wai Ilu ne ya harbe masa karyar farautarsa, Guguwa. Ba haka aka yi ba. Ni na harbe ta. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da maganar nan a cikina, ban fitar da ita ba sai a Masar, a wata gonar ƙauye da ban taɓa sanin akwai ta a duniya ba. Karatuna bai yi nisa ba, saboda haka zan rubuta abin yadda ya zo mini.

Yanar ido ce ta kai ni Alƙahira. Ƙanwarku Hadiza da mijinta Malam Nuhu suna zaune a Hadayik el-Ma'adi, shi yana ƙarasa karatunsa na addini, ita tana koyar da 'ya'yan mutanenmu a gida. Su suka matsa sai na zo an yi mini aiki. Aka yi na dama, likita ya ce na hagu sai bayan wata biyu, kuma kada in koma gida a tsakani. Gidan nasu hawa na biyar ne, ɗaki biyu. Mutumin da ya saba buɗe ƙofa ya ga daji, idan ka ajiye shi a sama yana kallon shanyar maƙwabta, ai ka ɗaure shi. Sai na riƙa saukowa bayan la'asar ina zama a bencin mai gadin gidan, wanda a can suke ce wa bawwab. Sunansa Sabri, kowa Ammu Sabri yake kiransa, dattijo ne mai gashin baki, mutumin wani ƙauye a Fayum. Ba na jin Larabci in ba na salla ba, shi kuma ba ya jin komai sai Larabci. Ya zuba mini shayi mai sukari kamar zuma, mu zauna muna kallon masu wucewa, ya ce "tamam?" in ce "tamam," wato lafiya lau. Hirarmu ke nan har sati uku.

Wata rana na sauko na tarar yana faɗa a waya, yana buga cinyarsa. Malam Nuhu ya dawo daga makaranta a lokacin, na ce ya tambayar mini ko rasuwa aka yi. Ya tambaya, sai ya yi dariya ya ce ba rasuwa ba ce, matar Sabri ce take kira daga ƙauye, wai wani abu da suke ce wa dib ya sake shiga ya kwashe musu agwagi. Na ce mene ne dib? Nuhu ya ciro wayarsa ya nuna mini hoto. Na kawo wayar kusa da sabon idona, sai na ga tsohon abokin gabata, kunnuwa a tsaye, baki siriri.

"Kai, wannan ai dila ne," na ce. "Har nan ya biyo ni?"

Nuhu ya ƙara nuna mana wani bidiyo na Turawan Amurka, suna farautar wani ɗan'uwan dila da suke ce wa koyoti. Sun ajiye wata na'ura a fili tana kukan zomo, su kuma sun laɓe. Sabri ya zuba ido, ya ce ina ma a samu irin wannan a Masar. Na ce wa Nuhu:

"Gaya masa wannan abin da suke sa wa batir, mahaifina da karan dawa yake yin sa."

Tun daga ranar na tashi daga baƙon da ake ba shayi na koma malami. Washegari Sabri ya kawo mini kara irin na bakin ruwa, na yanki gaɓa ɗaya kamar tsawon yatsa, na fere ɓawon ya yi siriri na maƙala shi ya zama harshe, na ɗaure da zare, ga usur na kiran dila ya samu. Da na gwada shi a ƙarƙashin bene, karnukan layin suka ɗauki haushi, wata mata ta leƙo daga hawa na uku tana ihu wai wa yake yanka jariri. Sabri ya yi dariya har ya riƙe ciki. Malam Nuhu yana da jarrabawa a gabansa, don haka Hadiza ce ta zama tafintarmu. Takan sauko da kujerar roba ta zauna gefe, in faɗa da Hausa ta juya.

Abin da na koya masa shi ne abin da mahaifinmu ya koya mini, kuma ina so ya zauna a rubuce ko da wani jikana zai buƙace shi. Na ce masa kafin usur akwai iska. Idan ka isa wurin, ɗebi ƙasa ka sake ta ka ga ina ta nufa. Ka zauna yadda iskar za ta taso daga inda kake tsammanin dila ta bugi fuskarka, domin dila yana yarda da hancinsa fiye da kunnensa. Ko ya ji kukan zomo ba zai zo kai tsaye ba, sai ya zagaya ta inda iska take kai warinka don ya shinshina tukuna. Saboda haka wannan gefen ka bar shi fili inda idonka yake kaiwa, can zai ɓullo. Na ce ka sa rana a bayanka, ka jingina da wani abu da ya fi ka faɗi, kada kanka ya fito a sarari. Na kama hannun farar jallabiyarsa na girgiza kai. Na nuna kwalin sigarin da ke aljihunsa na sake girgiza kai.

Hadiza ta ce, "Baba, wai ya ce jallabiyar ya yarda, amma sigarin ku sasanta."

"Gaya masa ya sasanta da dila, ba da ni ba."

Na ce masa idan ka zauna kada ka yi gaggawar busawa. Ka yi shiru gwargwadon yadda za ka sha kofin shayi mai zafi, daji ya manta da shigowarka. Sannan ka fara a hankali, don mai yiwuwa yana kwance kusa, idan ka buɗe da ƙarfi ka kore shi. Kuskuren sabon shiga shi ne ya yi ta busa kamar mai kakaki. Zomo ƙaramin abu ne, numfashinsa gajere, kukansa a yanke yake fita, yana rawa. Ka busa kaɗan ka tsaya, ka daɗe a tsaye, shirun nan shi ne yake jawo shi, don yana so ya san me ya faru da zomon. Idan ka hango shi, ka ajiye usur, kada ka motsa sai ya sunkuyar da kai ko ya shiga bayan wani abu. Idan ka yi rabin awa babu labari ka tashi cikin natsuwa, kuma kada ka dawo wurin gobe da kukan nan, domin dilan da ya gane ƙaryarka sau ɗaya ba ya sake amsa ta.

Sabri yana lissafawa da yatsu. Da na yi shiru sai ya ce, "Khalas?"

Na ce khalas. Amma ba khalas ba ne. Akwai ka'ida ta ƙarshe, wadda mahaifinmu yake farawa da ita kuma ya rufe da ita, sai na ɓoye ta, ban faɗe ta a gaban Hadiza ba. Yakan ce usur ba ya zaɓar wanda zai ji shi. Kada yatsanka ya taɓa kunamar bindiga sai ka ga kai ka ga wutsiya.

Bari in koma baya in gaya muku dalili. A shekarar da aka haifi yayanku Musa, wani dila ya addabi ƙauyenmu, yana ɗaukar 'yan awaki da rana tsaka. Yaya Sale da karnuka yake farauta, ni da usur, kuma tun muna samari yake yi mini ba'a, wai farautar malalata nake yi, in zauna a inuwa ina kuka kamar zomo. A cikin karnukansa babu kamar Guguwa, wata ja mai dogayen ƙafafu. Tun tana jaririya ya raine ta da kunu, ko matarsa ba ta isa ta ɗaga mata tsintsiya ba. Ranar kasuwa a gaban jama'a ya sake tsokanata, ni kuma na rantse kafin Juma'a zan shimfiɗa masa fatar dilan nan a ƙofar gida. Laraba ta wuce, Alhamis ta zo ban samu komai ba. Da yamma na je na laɓe a gefen gonar Ilu, na busa. Ban daɗe ba sai na ji ciyawa tana motsi, wani jan abu ya taho a guje. Na san dila ba ya zuwa haka. Na ji hakin, na san dila ba ya haki idan yana sanɗa. Duk na sani. Amma Juma'a nake gani a gabana, da bakin Yaya Sale yana dariya, sai na ɗana na saki. Da hayaƙi ya washe na je na tarar da Guguwa. Ta ɗago ta dube ni, har ta ɗan kaɗa wutsiya don ta san ni, sannan ta kwanta.

Na bar ta a nan na bi ta bayan gari na shiga gida. Washegari ungulaye suka nuna wa Yaya Sale wurin. Sai aka yi rashin sa'a, watanni kaɗan kafin nan Guguwa ta taɓa cinye wa Ilu kaza, shi kuma cikin fushi ya ce wata rana sai ya harbe ta. Ga gawa a bakin gonarsa, ga maganar da ya yi a gaban shaidu. Ilu ya rantse har da hawaye, Yaya Sale ya ce kada ya sake taka ƙofar gidansa. Mutanen nan biyu tare aka yi musu kaciya, tare suke cin tuwo a akushi ɗaya. Ina tsaye a wurin aka yi. Babu wanda ya tambaye ni, ni kuma na ce wa raina ai ban yi ƙarya ba tunda ban ce komai ba. Na ce gobe zan faɗa. Da gobe ta zo maganar ta ƙara nauyi, haka har 'ya'yan Ilu suka daina zuwa gidanmu, har aka yi bikin 'yar Yaya Sale ba a kai musu goro ba. Na rataye usur daga shekarar, na ce wa mutane ƙirjina ne ba ya ɗaukar busa.

To, ranar wata Juma'a bayan masallaci Sabri ya ɗauke mu zuwa ƙauyensu, ni da Hadiza. Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari, muka sauka muka shiga ƙaramar bas da aka cusa mu kamar buhunan gero, muka ratsa hamada har muka faɗa cikin kore. Gonarsu ita ce ta ƙarshe, daga bayanta sai rairayi. Hadiza ta zauna wurin matar Sabri, mu kuma da rana ta yi sanyi muka fita. Ya sa tsohuwar jallabiya ruwan ƙasa, ya saɓa bindigar da ya gada wurin mahaifinsa. Da muka isa ya sunkuya da kansa ya ɗebi ƙasa ya saki, ya dube ni kamar ɗalibin da ya kawo hadda. Na ce tamam. Muka jingina da kututturen dabino biyu, rana a bayanmu.

Na jira, sannan na sa usur a baki. Shekara talatin ban yi wannan kukan a daji ba, amma bakina bai manta ba. Na yi na farko na tsaya. Na yi na biyu. A cikin shirun na uku sai na ji ganyen masara yana kaɗawa daga hannun dama, wani abu ruwan ƙasa yana tahowa da gudu, kai tsaye, yana haki. Na ga Sabri ya ɗaga bindiga ya manna kumatu. Ba ni da kalmar Larabci ko ɗaya da zan tsayar da shi. Ban san lokacin da na miƙa hannu na cafki bakin bindigar na danna shi ƙasa ba, ina cewa da Hausa:

"Kai! Kai! Duba tukuna!"

Ya juyo a fusace. Sai abin ya fito fili ya tsaya a gabanmu, harshe a waje, da guntun igiya a wuya. Karen ƙaninsa ne mai gonar kusa, wanda yake yi musu gadin shanu. Ya zo ya shinshina ƙafar Sabri yana neman zomon da aka yi masa alkawari. Sabri ya ajiye bindiga a ƙasa a hankali, ya dafa kai yana ta "ya Sattar, ya Sattar." Ni kuwa na mayar da usur aljihu.

Farauta ta ƙare ke nan, don karen ya cika wurin da wari da haushi. Muka koma gida aka yi magariba, aka shimfiɗa tabarma aka kawo gurasa da cuku da shayi. Sabri yana ba matarsa labari da hannu da ƙafa, sannan ya juyo wurin Hadiza.

Ta ce, "Baba, wai yaya aka yi ka gane, kai da ido ɗaya ne yake aiki? Ya ce da ya harbe karen nan, shi da ƙaninsa sun rabu ke nan har kabari."

Da ma zan iya cewa gwaninta ce, kowa ya yaba a tashi. Amma mutumin nan ya faɗi abin da ya faru a gidanmu ba tare da ya sani ba. Na ce mata ta juya masa duk abin da zan faɗa, kada ta rage. Na fara da ka'idar da na ɓoye masa, na roƙe shi gafara don saura kaɗan ɓoyewar ta jawo masa masifa. Sannan na shiga labarin dilan ƙauyenmu da rantsuwar da na yi a kasuwa. Hadiza tana juyawa tana murmushi, don ba ta taɓa jin wannan ba. Da na zo kan jan abin da ya taho a guje a gefen gonar Ilu, sai muryarta ta tsaya.

"Baba, Guguwa?"

"Ita."

"Ta Baba Sale? Wadda aka ce Baba Ilu..."

"Juya masa, Hadiza."

Ta juya, tana share ido da bakin hijabi. Sabri ya saurara har ƙarshe bai katse ba. Bai ce mini ma'alish ba, wato ba komai, ko da yake a bakinsa take kullum. Tambaya ɗaya ya yi, wai mutanen nan biyu suna raye? Na ce suna raye, amma Ilu ya fara kama sanda. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki wayar Hadiza da ke kan tabarma ya ajiye ta a kan gwiwata.

Ban kira a ranar ba, kada in yi muku wata ƙaryar. Sai da muka dawo Alƙahira na ƙara kwana biyu ina kai da kawowa a ɗaki. Hadiza ba ta yi mini maganar ba, sai dai duk safiya idan ta kawo mini koko takan ajiye wayar kusa da kofin, lambar Musa a buɗe. A rana ta uku da hantsi na danna, na ce wa Musa ya kai wa Baba Sale wayar. Muka gaisa, ya tambayi ido, ya ce ko yanzu na fara gane mutane da jakuna. Na ce Yaya, akwai magana. Na faɗe ta a tsaye, ban yi mata kwalliya ba. Na ji numfashinsa a wayar, na ji zakara yana cara a tsakar gidanmu, sannan ya ce:

"Garba, kana tsaye a wurin ranar da na kori Ilu."

Na ce ina tsaye. Sai wayar ta mutu.

Kwana tara babu labari. A cikinsu aka yi mini ido na biyu, na kwanta da bandeji ina tunanin na rushe abin da ya rage. A cikinsu kuma Sabri ya koma ƙauye shi kaɗai, ya sa ƙaninsa ya ɗaure kare, ya canja wuri kamar yadda na ce, ya jira har ya ga kai ya ga wutsiya, sannan ya harbe dilan. Ya dawo mini da gasasshiyar agwagwa a takarda yana cewa ni ne ustaz ɗinsa. Na ci, amma ban ji daɗinta sosai ba.

A rana ta goma Hadiza ta shigo da gudu, ta ce Musa ya turo saƙon murya. Ta kunna. Muryar Yaya Sale ce, ba sallama mai tsawo.

"Garba, karya ta mutu, wannan na bar wa Allah. Amma shekarun da ka ci mana ba a waya za ka biya su ba. Ka dawo ka faɗa da bakinka a ƙofar masallaci, inda na wulaƙanta mutumin nan. Sannan in ga abin da zan yi da kai."

Sai na ji wata murya daga gefensa, tsohuwa, tana tari. Shekara talatin ban ji ta kusa da ta Yaya Sale ba.

"Ba ni nan, Sale, kai ba ka iya faɗa ba. Garba! Ɗan banza mai kukan zomo! Allah Ya sa likitan ya gyara idon da kyau, don ina so ka gan ni sosai ranar da zan zage ka. Kuma ka taho mini da dabino, mai laushi, ba ni da haƙora."

Aka ji Yaya Sale yana cewa ya ba shi wayarsa, Ilu yana cewa ai ba tasa ba ce ta Musa ce, saƙon ya yanke suna cikin musu. Na sa Hadiza ta maimaita mini shi har sau huɗu.

Na dawo gida na tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a na faɗa, wasunku suna wurin. Ilu ya zage ni kamar yadda ya yi alkawari, sannan ya karɓi dabinonsa. Yaya Sale bai ce ya yafe ba sai bayan girbi, kuma ban ga laifinsa ba. 'Ya'yan Ilu biyu har yanzu gaisuwarsu gare ni a taƙaice take, wannan ma haƙƙinsu ne. Abin da nake roƙonku, duk wanda yake da sha'ani a cikinku, suna ko aure, ya fara kai goro gidan Ilu kafin ko'ina.

Usur ɗin da na yi a Alƙahira na bar wa Sabri. Na fere wani da karan dawar bana, yana cikin aljihun rigata. Jiya da yamma na same su su biyu a gindin bangon gidan Ilu suna gardama a kan wanda ya fi wani tsufa, na zauna daga gefe. Yaya Sale ya dube ni ya ce:

"To malalaci, busa mana mu ji ko har yanzu kana iyawa. Amma tsaya in ɗaure kare tukuna."